Yadda Za Ka Gina Manhajar Rubutu Daga Tushe Don Kada Ka Rubuta Komai

Akwai rubutun da ya zame maka ƙarfen ƙafa? Rahoton ofis ne, ko babin ƙarshe na karatun da ka fara tun kana da gashi a ka, ko jawabin da dangi suka ɗora maka? Kwantar da hankalinka. Wannan jagora zai nuna maka yadda za ka shafe mako guda a gaban kwamfuta, gumi na keto maka, mutanen gida na tafiya da sanɗa don kada su dame ka, alhali ko kalma ɗaya ba ka rubuta ba. Dabarar ita ce ka ƙi manhajar rubutun da ke kwamfutarka, ka ce sai ka gina wata da hannunka daga tushe. An gwada, an tabbatar. Duk wanda ya bi matakan nan yadda aka jera su ba zai rubuta komai ba, kuma ba mai kiransa malalaci.

Don kada a ce shaci-faɗi ne, za mu riƙa kafa hujja da wani bawan Allah da muka bi diddiginsa. Ya haura arba'in, yana da sanƙo da 'ya'ya biyu da teburinsa a sashen adana bayanai na wani kamfanin sufuri, amma a danginsu har gobe Auta ake ce masa. Babbar yayarsa, wadda kowa ke kira Yaya har da likitoci, za ta yi ritaya daga shugabancin ma'aikatan jinya na wani asibiti, an kuma shirya mata taron ban kwana ranar Asabar. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. A farkon makon ta kira shi a waya.

"Auta, kai za ka yi magana a madadin gida."

"Ni, Yaya? Ai akwai manya."

"Na ga manyan na kira ka. Minti biyar ne. In ba za ka iya ba, faɗa mini yanzu in ba Lasifika."

Lasifika mijin yayarsa ta biyu ne, wadda ake kira Yaya Ƙarama. A taron dangi na ƙarshe da makirufo ya shiga hannunsa, sai da masu hayar kujeru suka fara lodi da mutane a tsaye. Kowane jawabi yakan fara shi da tarihin kansa, kuma babu wanda ya taɓa ganin ranar da ya iso kan wanda aka taru dominsa.

"Zan iya, Yaya."

"To." Ta kashe wayar.

Ke nan, idan Auta ya gaza, za a sallami Yaya daga aikin da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kai da labarin yadda Lasifika ya sayi motarsa ta farko. Ka riƙe wannan, mu je.

Mataki na ɗaya: Nemo laifin manhajar da kake da ita

Buɗe kwamfuta. Buɗe manhajar rubutun da ta zo da ita. Kalli farin shafin, shi ma ya kalle ka.

Auta ya rubuta "Yaya", ya ɗora waƙafi. Wata majiya da ke zaune a falon lokacin, wadda ta nemi a sakaya sunanta amma ba ta musanta cewa ita ce matarsa ba, ta ce ya daɗe yana kallon kalmar, ya yi gyaran murya duk da ba magana zai yi ba, sannan ya goge ta.

A nan ake bambanta gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo zai ce, ban san ta inda zan fara ba. Gwani cewa zai yi, wannan manhajar ba ta da inganci. Farin nata yana kashe ido. Ba ta ƙirga layi. Haruffanta sirara ne kamar ba su ƙoshi ba. Nemo laifi uku, ko biyu ma sun wadatar in ka faɗe su da ɗaure fuska.

Masana sun ce: mutum ba ya rasa abin faɗa, kayan aiki ne ke rasa mutunci.

Mataki na biyu: Nemi mai zuga ka

Kowane ofis yana da shi. A ofishinsu Auta ana kiransa Farfesa, ba don wani digiri ba, sai don ba a taɓa yi masa tambaya ya ba da amsar da aka tambaya ba. Teburinsa na kusa da taga, allon kwamfutarsa baƙi ƙirin, rubutun kore.

"Da me kake rubutu a gida?" in ji Farfesa.

"Da wadda ta zo da kwamfutar mana."

Farfesa ya cire tabarau, ya dube shi da kyau. "Kuma kana da iyali?"

Daga nan ya ba shi labarin wata manhajar rubutu da wasu 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ke haɗawa kyauta, ba su taɓa ganin juna ba, amma kullum cikin gardama suke kamar 'yan ɗaki ɗaya. Ya ce tana da hanyoyi biyu. Akwai wadda suka kammala suka gwada, a sauke a danna sau biyu a fara rubutu. Akwai kuma tushen da suke kan aiki a kai, wato ainihin rubutun da ake sarrafawa ya zama manhaja, wanda ke sauyawa kowace safiya.

"Kada ka kuskura ka ɗauki kammalalliyar," in ji Farfesa. "Ta 'yan koyo ce. Aiki kawai take yi, ba abin da za ka ƙaru da shi. Tushen za ka kwaso ka gina."

"Shi kuma yana aiki?"

"Ya danganta da ranar."

Kai ma haka za ka zaɓa. Kammalalliyar gida ce da aka share aka miƙa maka makulli. Tushen kuwa kango ne da magina ke kan tsani, siminti na zubowa, kai kuma ka iso da katifarka a ka. Wanda ke gudun rubutu ya san gidan da ya dace da shi.

Mataki na uku: Kwaso tushen, ka tanadi amsar mutanen gida

Buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Kwafi umarnin sauke tushen daga shafin masu manhajar. Fayiloli za su yi ta zubowa, dubbai. A cikinsu akwai ɗaya da aka raɗa wa suna "karanta ni". Kada ka karanta shi. Wanda ya karanta yakan gama da wuri.

Kwamfutar gidansu Auta guda ɗaya ce, tana kan wani tebur a kusurwar falo, tsakanin firji da kwandon guga. Matarsa malamar lissafi ce, Malama yake kiranta, ita kuma ba ta ce masa Yallaɓai sai in tana shirin yi masa tsiya. Ta tsaya a bayansa da kofin shayi.

"Yallaɓai, wannan baƙin allon shi ne jawabin?"

"Shiri nake yi."

"Ga biro ga takarda a aljihun tebur. Ga wayarka ma."

"Malama, manomi yakan wasa fartanya kafin ya shiga gona."

"Na sani. Wanda ya tafi haƙo ƙarfen ne ban taɓa gani ba."

Ka lura da yadda Auta ya yi a nan, domin abin koyi ne. Ya matso da fuskarsa kusa da allo, ya ce "hmm" da ƙaramar murya, kamar likitan da ya hango wani abu a hoton ƙirji. Ta ajiye masa shayin ta wuce.

Mataki na huɗu: Karɓi 'yan rakiya

Tushe ba ya gina kansa. Yana buƙatar wata manhaja da ke juya rubutun ya zama abin da kwamfuta ke ganewa, masu sana'ar suna ce mata kamfaila. Yana kuma buƙatar wasu ƙananan kayan haɗi da wasu mutane dabam suka rubuta: wannan na zana haruffa, wancan na launi, wancan kuma ba wanda ya san aikinsa amma in babu shi ba a motsi.

Ba da umarnin a duba ko kwamfutarka ta shirya. Za ta ce abu ɗaya ya rage. Sauke shi. Shi kuma zai ce ba ya zama sai da ƙaninsa. Ƙanin zai zo da abokansa biyu. Baƙo ɗaya ka gayyata, sai ka buɗe ƙofa ka ga mota cike har da na kan buhu.

Daɗin abin shi ne ba sa jituwa. Wani zai ce kamfailar ta tsufa. Ka sabunta ta, wani ya ce ta yi masa sabunta da yawa, shi da tsohuwar ya saba. Auta ya kwashe yammacin ranar yana sulhu a tsakaninsu, ya sauke wannan ya cire wancan, har 'yarsa ta leƙo ta tambayi uwarta ko Baba ya samu sabon aiki ne.

"Ya samu," in ji Malama. "Ba albashi."

Kowa ya yi haƙuri zai dafa dutse. Ba a ce zai ci ba.

Mataki na biyar: Share tsohuwar manhajar

Wannan shi ne ƙashin bayan jagoran. Kada ka tsallake.

Hujjar ita ce kada tsohuwa da sabuwa su yi karo. Farfesa ya ce ya taɓa jin an ce sukan yi. Ba da umarnin a cire tsohuwar. Kwamfuta za ta tambaye ka, cikin ladabi, ko ka yarda a cire ta tare da wasu abubuwa da ke jingine da ita, ta jero maka sunayensu. Kada ka duba sunayen. Danna eh.

Haka Auta ya yi. A cikin abin da aka kwashe har da wata 'yar ƙaramar manhajar rubutu ta ko-ta-kwana da ke laɓe a baƙar tagar, wadda bai ma san da ita ba. Ya miƙe, ya yi miƙa, ya ji ransa wasai kamar wanda ya share ɗaki. Daga wannan lokacin babu wani abu a cikin kwamfutar da zai iya buɗe fayil ya gyara harafi guda. Ko da wahayin jawabin ya sauko masa, ba inda zai zuba shi.

Ka taya kanka murna. Ka rufe ƙofa, ka jefa makullin ta taga.

Mataki na shida: Ba da umarnin gini, ka zauna ka yi kama da mai aiki

Rubuta umarnin ginin ka danna. Rubutu zai fara gudu a allo daga ƙasa zuwa sama, sauri ba ya barin a karanta. Fankar kwamfutar za ta ɗauki kuka. A gefe za ka ga lamba tana hawa, tana nuna kashi nawa cikin ɗari aka kai.

Babu lokacin da ya fi wannan daɗi a duk sana'ar. Ba abin da kake yi, ba kuma abin da za ka iya yi, amma duk wanda ya shigo zai rantse kana ceton duniya. Harɗe hannu a ƙirji. Gyaɗa kai jefi-jefi. In wani gargaɗi mai ruwan ɗorawa ya gifta, ka ce "na sani" a hankali.

Ana cikin haka wayar Auta ta yi ƙara.

"Ina jawabina?"

"Ana kan gini, Yaya. An wuce rabi."

"Jawabi ne ko bene?"

"Wato, akwai kayan aikin da…"

"Lasifika ya kira ni ɗazu. Wai ya ɗinka sabon kaya, ko da za a buƙace shi. Ya ce in tambaye ka ko kana son ya riƙe maka gabatarwa."

"A'a! Kada ki yarda, Yaya. Komai na hannu."

"Hannun wa?" Ta kashe.

Mataki na bakwai: Tarbi jan rubutu

Dab da ƙarshe, lambar za ta tsaya. Fanka za ta yi shiru. Jan rubutu zai bayyana ya ce ginin ya rushe.

Kada ka ji tsoro, wannan alheri ne. Wani ɗan sa-kai a wata ƙasa ya taɓa wani layi da safe, ya tafi cin abinci. Kwafi jan rubutun ka bincika a intanet. Za ka tarar wani ya riga ka faɗawa ramin, wani kuma ya ba shi amsa: abu ne mai sauƙi, buɗe fayil kaza da manhajar rubutunka, ka sauya kalma ɗaya a layi kaza.

Auta ya karanta amsar. Ya kai hannu zai buɗe fayil ɗin. Hannun ya tsaya a iska.

Domin ya gina manhajar rubutu, sai ya gyara kalma ɗaya. Domin ya gyara kalma ɗaya, sai da manhajar rubutu. Garin neman gira an rasa ido. Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya, domin a daidai lokacin Malama ta fito da littafin darasi a hannu.

"Ɗan tashi in buga tambayoyin jarrabawar 'yan aji uku. Minti kaɗan ne."

"Da me?"

"Da abin da na saba mana." Ta duba allon, ta duba shi. "Yallaɓai. Ina abin da na saba?"

"An… ɗauke shi na wucin gadi."

"Wa ya ɗauke?"

"Tsarin ne ya buƙaci haka."

"Tsarin yana da sanƙo?"

Mafita ita ce ka kira mai zuga ka. Akwai wani umarni da ke sauya kalma a cikin fayil ba tare da an buɗe shi ba, amma rabinsa alamomi ne da ba su da suna a bakin mutane. Farfesa yana cikin bas lokacin, ya riƙa karanto shi ta waya, harafi bayan harafi.

"Sanda mai jingina."

"Dama ko hagu?"

"Dama. A'a, damarka ko damata? Sai ɗigo. Sai tauraro. Direba, akwai sauka! Ba da kai nake ba, kada ka rubuta. Sai ɗan ƙugiyar nan na sama."

"Guda ko biyu?"

"Ya danganta."

A gwaji na farko an sauya kalmar a inda ba a so. A na biyu an mayar da ita. A na uku aka dace. Malama ta rubuta tambayoyinta da biro a kan teburin cin abinci, tana danna takardar da ƙarfin da ya sa rubutun ya fito a shafi na gaba.

Mataki na takwas: Girka ta, in an ba ka izini

Ginin zai kammala. Saura ka girka manhajar a cikin kwamfutar, ta zauna daram. A nan za a nemi kalmar sirri ta mai iko da na'urar.

Ka binciki gidanka tun da wuri ka san wane ne wannan. A gidansu Auta, tun wani gyara da ya yi wa firinta bara, ikon ya koma hannun Malama ta hanyar ƙuri'ar da yara ma suka kaɗa.

"Malama, ranki ya daɗe."

"Yau kuma? Me ka fasa?"

"Ban fasa ba, na gina. Hannunki kawai ake jira, kamar buɗe sabuwar gada."

"In na sa, jawabin Yaya zai fito?"

"Kamar ruwa."

"Juya baya. Rufe ido. Na ce rufe, ina ganinka a gilashin firji."

Ta buga, ta danna. Manhajar ta shiga.

Mataki na tara: Zaɓi launi

Ranar Juma'a Auta ya ɗauki hutun yini a ofis. Manhajar ta buɗe, kyakkyawa, tana ƙirga layi. Kada ka yi gaggawar rubutu. Tana da launuka fiye da shagon atamfa, kuma kowanne sai an gwada. Akwai baƙi mai shuɗi-shuɗi, akwai baƙi mai toka-toka, akwai wanda aka ce yana kwantar da hankali. Sai siffar haruffa. Sai kaurin ɗan sandan nan mai ƙiftawa. Auta ya kai hantsi a kan wannan.

Daga ƙarshe uzuri ya ƙare. Ya rubuta "Yaya", ya ɗora waƙafi, har ya ƙara rabin jimla. Don kada aikin ya salwanta, ya danna umarnin adanawa.

Manhajar ta ɓace. Ba sallama, ba jan rubutu. Ya sake buɗewa, ya sake rubutawa, ya sake dannawa. Ta sake ɓacewa. A tushen wannan makon, ashe, komai na aiki ban da adana sabon fayil.

Barka. Ka iso. Kana da manhajar rubutu mafi kyau a unguwarku, ka gina ta da hannunka, kuma ba ta iya riƙe kalma ɗaya. Laifin ba naka ba ne, na wasu mutane ne da ba wanda ya san fuskarsu. Tashi ka sha ruwa. Kira mai taron ka ce an samu matsalar na'ura. Jagoran ya cika alkawarinsa.

Mataki na goma: Kada ka kai ƙara

A nan Auta ya saki hanya, kuma don gargaɗi muke kawo abin da ya biyo baya.

Maimakon ya tashi, sai ransa ya ɓaci. Ya shiga shafin masu manhajar, inda ake kai rahoton matsala. Wani ɗan akwati ne fari, ba launi, ba ƙirgen layi. A samansa an rubuta: me kake ƙoƙarin yi lokacin da matsalar ta faru? Yi cikakken bayani.

Ya sa nau'in kwamfutarsa kamar yadda aka nema. Sannan ya fara, yana dukan madannai.

"Ina ƙoƙarin rubuta jawabi ne don yayata, gobe za ta bar aiki. Don ku san girman ɓarnar da kuka yi, sai na gaya muku ko wace ce ita. Ina shekara tara mahaifiyarmu ta rasu, ita tana makarantar jinya. Ba mai zama da ni, sai ta riƙa tafiya da ni asibiti. A ƙarƙashin teburin ma'aikatan jinya na yi aikin gida na firamare, ina gane kowa da takalminsa. A jikina ta koyi ɗaurin bandeji. Akwai ranar da na je makaranta a naɗe daga kai har gwiwa, hedimasta ya tara kuɗin jinya. Ita ba ta iya lallashi ba. In ka yi kuka sai ta ɗora maka bayan hannu a goshi ta ce ba zazzaɓi, tashi. Na girma kafin na gane cewa hannun yakan daɗe a goshin fiye da yadda awon zazzaɓi ke buƙata. Mutane sukan tare ni a kasuwa su ce kai ne ƙanin Yaya, ita ta karɓi haihuwata, ita ta zauna da babana daren da ya cika. Ban taɓa ce mata na gode ba, domin za ta tambaye ni ko ba ni da aikin yi. Gobe ce kawai ranar da dole ta zauna ta saurara, a gaban mutane, ba ta da damar kashe waya. Wannan nake ƙoƙarin adanawa manhajarku ta ɓace."

Bai tsaya nan ba, ya yi ta zubawa har akwatin ya yi tsawo. Ya rufe da cewa a gaggauta gyara, ya aika, ya jingina yana huci.

Kafin la'asar amsa ta zo daga mai kula da shafin, wani da hotonsa kyanwa ce. "An riga an kawo wannan matsalar, gyara na tafe mako mai zuwa. Na rufe rahoton. Jawabinka kuwa ga shi nan ka gama. Cire layin farko da na ƙarshe. A gaida mana Yaya."

Malama ta karanta ta saman kafaɗarsa. Ba ta ce Yallaɓai ba. Ta ɗauki kofin da ya huce ta tafi kicin, ta daɗe a can.

Ranar Asabar zauren asibitin ya cika. Lasifika na layin gaba cikin sabon kaya, da damin takardu a cinya. Auta ya karɓi makirufo, ya buɗe shafin a wayarsa, ya ce, "Nau'in kwamfuta…" Malama ta yi tari daga layi na biyu. Ya gangara ƙasa, ya fara daga inda ya dace.

An yi dariya a wurin bandeji. A wurin goshi ba a yi ba. Yaya ta zauna a miƙe, hannu a kan jaka, tana kallon wani wuri a bango. Da ya gama ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta ce wa matar da ke kusa da ita na'urar sanyaya ɗakin na busar da ido, tun bara ta kai ƙorafi. Lasifika ya miƙa hannu zai karɓi makirufo don ƙarin bayani, Yaya ta riga shi, ta ce a tashi a ci abinci.

A bakin ƙofa ta tsayar da Auta.

"Ka wuce minti biyar."

"Yi haƙuri, Yaya."

"Ina son kwafi."

Kwafi ɗaya ne a duniya, yana shafin rahoton matsala, Malama ta tura mata adireshin. Mai ritaya kuwa ba abin da take da shi da yawa kamar lokaci. Ranar Litinin aka ga sabuwar mamba ta yi rajista a shafin, ta rubuta a ƙarƙashin rufaffen rahoton: "Gyara. Shekararsa takwas, ba tara ba. Bandejin shi ya ƙi a kwance masa, don ana ba shi alewa. Kuma zazzaɓin ƙarya yake yi duk ranar lissafi. Sauran daidai ne." Mai hoton kyanwa ya sake buɗe rahoton, ya rubuta cewa akwai sabon bayani daga majiya mai tushe.

Sanarwar wanke hannu

Ana ba da wannan jagora ne a yadda yake, ba garanti, ba musaya, ba dawowa. Alkawarinmu ya tsaya a mataki na tara. Duk wanda ya zarce, ya ga tambaya a ɗan farin akwati ya amsa ta tsakani da Allah, to shi ya jiyo. Ba ruwanmu da tambayoyin jarrabawar da aka rubuta da biro, ko kuɗin ɗinkin da ya tafi a banza, ko idon da na'urar sanyaya ɗaki ta busar. Haka kuma ba mu da hannu in ka wayi gari ka tarar 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban, waɗanda ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sun haɗu sun yarda cewa yayarka ce ke da gaskiya.